Itace ba ya girma cikin wa'adin furoje

A 1983 aka fara sassaben zamani a jihar Maraɗi: manomi ya bar kututture ya tohu, ya rage rassa. A Ɗan Saga, ƙasar Agiye, maza da mata suka kafa kwamitin tsaron itatuwa. Gawo ya dawo, kalgo da sabara suka yawaita. To, ina kanya, ina ɗorawa? Inda kututturensu ya mutu, sai an shuka iri, an jira shekaru. Furoje kuwa ƴan shekaru yake yi ya tafi. Dokar 2020 ta ba manomi iko da itacen da ya rena. Saboda haka muna roƙon masu tallafi, kamar FIDA, su tsara koya wa samarinmu tara iri da renon dashe har shekara 20.