Freud Bai Taɓa Shiga Zaurenmu Ba

'Yan'uwa ɗalibai, lokaci ya yi da za mu daina haddace Sigmund Freud kamar karatun allo. Mukan zuba ra'ayinsa a takardar jarrabawa mu ci maki, alhali kuwa ba mai tambaya ko rigar da aka ɗinka a birnin Biyana za ta shige mu.

Ba ma musun alherinsa. A zamanin da ake kulle masu taɓin hankali, wannan likita ya zauna ya saurari marar lafiya. Ya koyar da cewa akwai ɓoyayyen sashe na zuciya mai juya mutum ba da saninsa ba, kuma abin da ya sami yaro yakan bi shi har furfura. Duk wanda ya ga magidanci ya sha faɗa wurin aiki, ya komo ya huce kan iyalinsa, ya san akwai ƙamshin gaskiya a nan.

To, amma ina hujja? Mu dubi Hans, yaro ɗan shekara biyar mai tsoron dawaki, wanda aka buga labarinsa a 1909. Freud ya ce ubansa yake tsoro, doki mayafi ne kurum. Sau ɗaya tak ya ga yaron a lokacin jiyyar. Sauran bayani daga uban ya fito, shi kuwa mabiyin Freud ne. Yaron nan fa ya taɓa ganin doki ya faɗi a titi, amma wai wannan bai isa dalili ba! Ba banza masanin falsafa Karl Popper ya ƙi kiran wannan kimiyya ba: in ka yarda, an ce ta tabbata, in ka musa, an ce danne gaskiya kake yi.

Sa'an nan ga da'awar cewa kowane yaro a duniya yana kishin ubansa saboda uwarsa. Tun 1927 Malinowski ya nuna cewa a tsibiran Trobriand iko na hannun kawu, kuma shi yaro ke ƙullata. Mu fa? Ɗan farin da uwarsa ba ta kiran sunansa don kunya, wanda kaka ta ɗauka riƙo tun ranar yaye, da wa zai yi wannan kishi?

A 1954 Dokta Adeoye Lambo ya saukar da marasa lafiya a gidajen ƙauyawa a Aro, kusa da Abekuta, kowa da ɗan'uwansa mai jiyya, har ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Muna roƙon malamanmu su ba aikinsa lokaci daidai da wanda suke ba Hans da dokinsa.