Cappuccino: sunan riga ne ya koma kan kofi

Akwai wani labari da ke yawo game da cappuccino, gahawar nan ta Italiya mai kumfar madara a sama, kuma a ganinmu lokaci ya yi da za mu daina tura shi gaba.

Wai a 1683, da rundunar Daular Usmaniyya ta sha kashi a ƙofar birnin Viyana, Turkawa sun gudu sun bar buhunan gahawa. Mutanen gari suka dafa, suka ji ɗaci, sai wani limamin Kirista mai suna Marco d'Aviano ya zuba madara da zuma, daga nan aka raɗa wa abin sunan ƙungiyarsa. Yaƙin an yi shi, mutumin ma an yi shi, yana cikin masu ƙarfafa wa sojojin Kirista gwiwa. Amma babu wata takarda ta zamanin da ta haɗa shi da kofin gahawa. Ƙari ne na bayan fage, irin wanda mai ba da labari ke yi don miya ta yi zaƙi.

Asalin sunan bai kai haka armashi ba. A Italiyanci, cappuccio na nufin hular da ke haɗe da riga, kamar ta alkyabba. Wajen 1525 wani mai suna Matteo da Bascio ya ware daga cikin mabiya Faransis na Assisi, yana neman a koma rayuwar talauci da gudun duniya. Fafaroma ya amince da su a 1528. Saboda doguwar hularsu mai tsini, mutane suka riƙa kiransu cappuccini, wato masu 'yar hula. Rigarsu kuwa ruwan ƙasa ce. To, idan aka ɗiga wa baƙar gahawa madara, wane launi take komawa? Shi ke nan.

Mu Hausawa bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Mu ne masu ruwan goro, ruwan toka, ruwan hoda. Har wani biri na Kudancin Amurka ya gaji sunan waɗannan bayin Allah, don gashin kansa ya yi kama da hularsu.

A shagunan gahawa na Viyana aka fara jin sunan, da Jamusanci, Kapuziner, tun ƙarni na 18. Kumfar da muke gani yau ta zo daga baya sosai, bayan injin espresso ya yaɗu a Italiya a ƙarni na 20.

Abin da ya dame mu da labarin farko shi ne yadda yake mayar da kofin karin kumallo ganimar yaƙi tsakanin Musulmi da Kirista. Wani ya karanta ya yi tinƙaho, wani ya karanta ya ce shi da cappuccino haihata-haihata, alhali dukkansu a kan ƙanzon kurege suke. Ita kanta kalmar caffè ta Italiyawa daga kahve ta Turkawa ta fito, ita kuma daga ƙahwa ta Larabawa, uwar da ta haifi tamu gahawar. Fatake ne suka kai ta Turai, kuma ana sayar da ita a Venis tun kafin a ɗaura wancan yaƙi.