Ciwon Sukari da Makantar da Ba Ta Sallama

A shekarar 1953 wani likita ɗan ƙasar Denmak mai suna Jacob Poulsen ya ba da labarin wata mata mai ciwon sukari wadda cutar ta riga ta taɓa mata ido. Bayan ta haihu sai wata 'yar halitta da ke ƙasan ƙwaƙwalwarta ta mace. Likitoci na kiran halittar nan fituwitari. Girmanta bai wuce ƙwayar gujiya ba, amma ita ke ba sauran sassan jiki umarnin fitar da sinadaran girma da na haihuwa da na jure wahala. Abin mamaki, da halittar ta mace sai idon matar ya warware.

Ba a rasa dalili ba. Tun kafin nan Bernardo Houssay na ƙasar Ajantina, wanda ya sami kyautar Nobel a 1947, ya nuna cewa in aka cire wa kare mai ciwon sukari wannan halitta, ciwon yakan yi sauƙi. Saboda haka likitoci suka ce abin da ya auku ga matar nan bisa ƙaddara, bari su yi shi da wuƙa. A birnin Stockholm na Suwidin, Rolf Luft da Herbert Olivecrona sun riƙa cire fituwitari ɗungurungum. A asibitin Hammersmith na Landan kuwa, dasa mata wani sinadari mai tururi aka riƙa yi don ya ƙone ta a inda take. Wasu majinyatan sun tsira da ganinsu, amma da tsada. Wanda aka yi wa aikin ya yi ban kwana da haihuwa, zai sha magungunan maye gurbin sinadaran nan har ƙarshen ransa, kuma allurar insulin kaɗan na iya kayar masa da sukari har ya suma. Wasu ma ba su tashi ba.

Na kawo tarihin nan ne don mai karatu ya auna irin darajar da aka ba idon mai ciwon sukari, har aka yarda a taɓa gindin ƙwaƙwalwa dominsa. An daina wannan aiki ne da aka sami abin da ya fi shi. A 1976 wani babban bincike a Amurka ya tabbatar da cewa ƙona wasu wurare na tantanin bayan ido da hasken leza na rage haɗarin makanta da fiye da rabi. Daga baya aka sami allurar da ake yi a cikin ƙwayar idon kanta. Duka biyun suna da sharaɗi guda: a zo da wuri.

A nan gizo ke saƙar. Sukari na lalata ƙananan jijiyoyin jini na bayan ido a hankali, shekara da shekaru, ba ciwo, ba ja, ba ƙaiƙayi. Ran da mutum ya ga duhu ya gilma masa, sau da yawa jini ya riga ya tsiyaya a ciki. Wani kawuna a wani ƙauye kusa da Ɗambatta, Allah Ya jiƙansa, ya yi shekaru yana shan maganin sukari, duk ranar Lahadi yana cin kasuwa, ba wanda ya taɓa ce masa ya je a leƙa bayan idonsa. Da ganinsa ya fara dusashewa sai aka ce yana ce, aka yi ta sayo masa maganin ɗigawa. Lokacin da muka kai shi Kano, likita ya duba, ya ce da shekara biyu baya muka zo, da akwai abin yi. Gonarsa ta gero da gyaɗa haya aka ba da ita, ɗan ƙaraminsa kuma ya bar makaranta ya zama ɗan jagora.

Ba shi kaɗai ba ne. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kusan rabin masu ciwon sukari da aka gwada, cikin 'yan shekara 40 zuwa sama, ba su ma san suna da shi ba. Wanda bai san yana da sukari ba, yaushe zai nemi a duba masa ido?

Ba wai Arewa ba ta da gwanayen ido ba ne. Asibitin ido na ECWA yana Kano tun 1943, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Matsalar ita ce duk suna jiran majinyaci ya kawo kansa, wannan cuta kuwa ba ta tura mutum asibiti sai ta gama ɓarna. Su kuma masu hannu da shuni da 'yan siyasarmu sun fi son aikin yanar ido kyauta. Ban raina shi ba, domin yana ce kan gaba wajen makantar da mutanenmu. Sai dai mu faɗi gaskiya: tsohon da aka kwance wa bandeji ya ga jikokinsa yana da daɗin ɗauka a hoto, wanda aka hana wa makancewa kuwa ba shi da hoton da za a nuna.

Ingila ta fara ɗaukar hoton bayan idon masu ciwon sukari a kai a kai tun 2003. Kafin 2010 cutar ta sauka daga matsayin babbar mai makantar da masu shekarun aiki a can, karo na farko cikin kusan shekara 50. Aikin bai buƙaci likitan ido a kowane gari ba. Kyamara ce da ma'aikacin jinya da aka horar, sai wanda zai karanta hoton.

Abin da nake kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano ke nan. A sanya irin wannan kyamara a manyan asibitocin ƙananan hukumomi, a fara da irin su Ɗambatta da Bichi da Gwarzo, a haɗa ta da ranar ganin masu sukari da hawan jini. A tura hotunan Kano ta intanet, wanda aka ga alama a idonsa a ba shi rana da takarda. A kuma rubuta ranar duba ido ta ƙarshe a katin kowane mai sukari, yadda duk ma'aikacin da ya karɓi katin zai ga ko shekara ta zagayo.