Zauren Iyali: In Kan Babur Ya Fara Rawa



A Zongon Kutonu da wuya a sami gidan da babu babur, ko wanda ba ya hawan zemijan masu rigar ɗorawa zuwa kasuwar Dantokpa. Tun daga Maris 2024 ake tsananta wa fasinja ma sanya hular kwano. Wannan alheri ne, sai dai hula ba ta hana faɗuwa.

Kwanan baya mun je duba wani yaron unguwarmu da ya karye a hanyar Seme. Ba wanda ya buge shi. Ya ce yana cikin gudu kan babur ya fara rawa dama da hagu, har ya ƙwace daga hannunsa. Da muka bincika, ashe babur ɗin ya taɓa haɗari, mai walda ya miƙe ƙashinsa da wuta, aka sayar masa da araha.

Ku lura da ƙarafa biyun da ke riƙe da tayar gaba: ba a tsaye cak suke ba, sun ɗan kishingiɗa. Da gangan maƙera suka yi haka, domin inda taya ke taɓa ƙasa ya kasance a bayan layin da kai ke juyawa a kansa, da tazarar kamar faɗin tafin hannu. Wannan 'yar tazara ce ke mai da taya kan hanya da kanta, kamar tayoyin gadon asibiti. In ƙashi ya lanƙwashe, ko boris ɗin wuya ya saki, ko iskar taya ta ragu, lissafin ya ɓaci. A hankali ba a ji; gudu ne ke tona asiri.

Lodi ma haka. Buhun shinkafa mai kilo 50 in aka ɗaure shi can ƙarshen baya, gaba ya yi sakayau, taya ba ta kama ƙasa sosai.

Kafin ku biya kuɗi, ku ɗaga gaban babur ku juya kansa: kada ya cije, kada ya yi ƙwas-ƙwas in an ja shi gaba da baya. Ku ja zare daga tayar baya zuwa ta gaba, ku ga ko layinsu ɗaya. In kuwa rawa ta kama ku a hanya, kada ku damƙe birkin gaba, kada ku yi kokawa da kan. Ku rage wuta sannu, ku ɗan duƙa gaba.

Iyaye, mu ne ke sayen baburan nan, 'ya'yanmu ke hawa. Rai amana ne, araha kuwa ba ta ado.

Allah ya kiyaye hanya. Sai fitowa ta gaba.