Ra'ayinmu: Mu Gwada Jini Tun Muna Tsaye da Ƙafafunmu

'Yan'uwa, sau nawa muka tsaya bakin kabari muna jin ana cewa, "Jiya ma lafiya lau muka rabu da shi"? Wani dattijo ya faɗi a gona, wata uwa ta wayi gari ɓarin jikinta ya shanye. Nan da nan sai a fara zargin maƙwabci ko ɗan'uwa da jifa, zumunci ya lalace. Alhali sau da yawa hawan jini ne, wanda yakan yi shekaru yana cin zuciya da ƙoda da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ba tare da ko ciwon kai ba.

Saboda haka muna yaba aikin Gidauniyar Zuciya ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1992, da hedkwatarta a Legas. Tana wayar da kan jama'a a kan abinci, da illar taba, da motsa jiki, musamman a Ranar Zuciya ta Duniya, 29 ga Satumba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019. Ba cutar masu kuɗi kaɗai ba ce.

Amma Legas da nisa, ƙauyukanmu kuwa ba kowa ke kai musu labari ba. Sauran aikin namu ne.

Da fari, a rage gishiri. Bai kamata babban mutum ya wuce giram 5 a yini ba, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a haɗa har da wanda ke cikin dunƙulen miya da yaji. Zumuntar Mata su lura da masu jego. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka nuna alaƙar yawan shan kunun kanwa da wankan ruwa mai tsananin zafi da ciwon zuciya bayan haihuwa. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, numfashi yana yi mata wuya, a kai ta asibiti a ranar.

Na biyu, dattawa su keɓe wani abu daga baiko a sayi na'urar gwajin jini. Ma'aikatan jinya da ke cikinmu su riƙa gwada mutane bayan sujada, ko sau ɗaya a wata. Wanda awonsa ke kai 140 bisa 90 a kai a kai, ya ga likita.

Na uku, kuma a nan mu fastoci muke da alhaki: kada wani ya ajiye maganinsa don an yi masa addu'a, ko don ya ji sauƙi. Shan magani ba rashin bangaskiya ba ne. Wanda ya kasa saye, ikilisiya ta tallafa masa, gama kuɗin maganin shekara bai kai na jana'iza ɗaya ba, balle riƙon marayu.

Mu shugabanni mu fara miƙa hannu a gwada mu a gaban jama'a. Rigakafi ya fi magani.