Faten Kayan Garka, Abincin Daren Ɗari

Hunturu ya sauko. Daga watan Disamba zuwa Fabrairu rana tana saurin faɗuwa, kuma da an gama sallar magariba sanyi yakan kora kowa ɗaka. Ma'aikaciyar da ta taso daga biro, da ƴar kasuwar da ta rufe rumfa, duk suna isa gida a gajiye, ga yara na jiran abin da zai ɗumama musu ciki. A gidaje da yawa na Yamai, Maraɗi da Damagaram, sai a tafasa makaroni, a zuba tumatirin gwangwani da dunƙule, a ce an huta. Alhali kuwa duk shekara babu lokacin da kayan garka suka fi yawa da araha kamar wannan.

Wannan yalwa ba daga sama ta faɗo ba. Bayan farin 1984, gwamnatin Janar Saini Kunce ta kira jama'a zuwa noman rani, aka haƙa rijiyoyi, aka shinge fadamu. Ga albasar Galmi, ga tattasan Difa, ga kwambitar na Bonkuku da Dogon Dutsi, ga zogalen Jiratawa, ga shu da karoti daga garakin Mirya. Amma tumatir da ganye ba su jiran mai saye. Idan birni ya juya musu baya, mai garka da ya yi wata uku yana jan guga cikin sanyin asuba zai sayar a faɗuwa, ko ya zubar. Wanda ya zubar bana, da wuya ya shuka baɗi.

Saboda haka ya kamata faten kayan garka ya sami gurbi a tukunyar dare. Haɗa shi ba wuya. Da safe, kafin a fita, a jiƙa kofin wake biyu. Da yamma a soya albasa cikin man gyaɗa kaɗan, a zuba ɗanyen tumatir da tattasai da daddawa, a tsai da ruwa, a sa waken. Idan ya yi minti 20 yana tafasa, sai kwambitar da karoti da kabewa su bi. Kabewar ce za ta narke ta ba romo kauri. Shu da zogale su ne na ƙarshe, minti 5 ya ishe su, don doguwar dahuwa tana rage bitamin C da ke cikin ganye. Kanwa ma a yi hankali da ita: waken da ya jiƙa ba ya bukatarta, kuma yawanta yana lalata bitamin B1. Duka aikin bai kai awa ɗaya ba.

Akwai magidantan da za su ce tukunyar da babu nama abincin talauci ce, abin kunya a gaban baƙo. Wannan magana ba ta da tushe. Wake yana gina jiki, yana kuma ɗauke da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, wanda mata masu ciki da ƙananan yara suka fi kowa bukata. Tumatir, ko ɗan lemun tsami da aka matsa a kai, yana taimaka wa jiki ya amfana da ƙarfen. Karoti da kabewa da zogale kuwa suna ba da bitamin A, mai kare idon yaro. Wanda ya sami kilishi ko busasshen kifi ya jefa, babu laifi, amma faten ba ya jiran su.

Sai maganar itace. Tukunya ɗaya mai murfi, a kan ingantaccen murhu ko gas, ta fi tuwo da miya a tukunya biyu tsimin wuta. A ƙasar da hamada ke matsowa, kowane ƙiraren da bai ƙone ba riba ne.

Hausawa sun ce da abokin daka akan sha gari. Mai garka ya yi nasa, saura mai cefane. Maigida ya ba da kuɗin ganye da zuciya ɗaya, samarin gida su kama yankan albasa, kada a bar wa uwargida aikin ita kaɗai. Allah ya sa albarka a garka da tukunya.