Kocin Da Ya Zauna Shi Ke Gina Ƙungiya: Daga Samaru Zuwa Makarantun Falgore

 

Duk wanda ya yi sakandare a yankinmu na Falgore, daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa, mai yiwuwa ya taɓa ganin irin wannan fili: daɓen siminti ya tsattsage, ƙarafa biyu a tsaye, zoben kwandon ya yi tsatsa ya karkace. Da kaka maƙwabta su shanya masara ko shinkafa a kai. In ka tambayi tsofaffin ɗalibai sai su ce ai da ana buga ƙwallon kwando a nan, har da 'yan mata. In ka ce to me ya faru, kusan kullum amsar ɗaya ce: malamin da ke koyar da wasan aka yi wa canjin wurin aiki.

A kan wannan amsa za mu tsaya yau. Ra'ayinmu shi ne, ƙungiyar wasa ta makaranta ko ta jami'a tana rayuwa ne gwargwadon zaman kocinta. Kuma idan koci ya tafi, ƙungiyar maza takan yi jinya ta miƙe, ta mata kuwa sau da yawa jana'izarta ake yi.

Misali na farko bai yi mana nisa ba. Daga Kwanar Dangora in ka miƙi titin Zariya, ba za ka daɗe ba ka isa Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962. A can wani Ba'amurke mai suna Oliver B. Johnson, wanda 'yan wasa ke kira Koci OBJ, ya shafe fiye da shekara talatin yana koyar da ƙwallon kwando. Ɗalibai suna zuwa suna gamawa, shugabannin jami'a suna sauyawa, shi yana nan a bakin fili. Cikin yaran garin da suka taso a hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda ya fara wasan yana ɗan shekara 13. Wannan yaro na Zariya shi ne ya zama shugaban kulob ɗin Toronto Raptors, ya kai shi ga lashe kofin NBA a 2019, kuma tun 2003 ya kafa Giants of Africa don horar da yaran nahiyarmu. Ujiri bai taɓa ɓoye cewa a hannun OBJ ya tashi ba.

Ku yi lissafi da kanku. Da a ce OBJ shekara biyu ya yi ya tattara komatsansa, wa Ujiri zai tarar a fili ranar da ya fara leƙawa? Yaro ba ya zaɓar shekarar da sha'awar wasa za ta kama shi. Abin da ake bukata shi ne duk ranar da ya zo ya sami malami a wurin.

A Kano ma mun gani. Ƙungiyar ƙwallon kwando ta Kano Pillars ta ɗauki kofin ƙasa sau da dama a shekarun da Koci Sani Ahmed ya daɗe yana riƙe da ita, har ta zo ta uku a gasar kulob-kulob ta Afirka a Alƙahira a 2016.

A Amurka, inda ƙwallon kwandon jami'o'i ya zama babbar harka, sun daɗe da gane wannan. Mike Krzyzewski ya riƙe ƙungiyar maza ta Jami'ar Duke daga 1980 zuwa 2022, ya ci kofi 5. Pat Summitt ta riƙe ta mata a Jami'ar Tennessee daga 1974 zuwa 2012, ta ci kofi 8 da wasa 1,098. Geno Auriemma yana tare da matan Jami'ar Connecticut tun 1985, kofinsa na 12 ya ɗauka a 2025. Shekarunsa goma a wurin kafin ya ɗaga na farko a 1995. Da a wasu wuraren ne da muka sani, tuni an ce ba shi da sa'a an sallame shi.

Amma ko a can, ba a auna maza da mata da mudu ɗaya. A 2024 kulob ɗin Los Angeles Lakers ya yi wa kocin mazan Connecticut, Dan Hurley, tayin dala miliyan 70. Ya ƙi, jami'ar ta riƙe shi da kwantiragin dala miliyan 50 na shekara shida. A wannan shekarar dai, ita wannan jami'ar ta sabunta wa Auriemma nasa a kan dala miliyan 18.7 na shekara biyar. Hurley kofi 2 gare shi a lokacin, Auriemma 11. Hujjar da ake bayarwa ita ce wasan maza ya fi kawo kuɗi da 'yan kallo. Sai ga shi a 2024 ɗin, wasan ƙarshe na mata tsakanin South Carolina da Iowa ya sami masu kallo miliyan 18.9 a talabijin, na maza kuwa miliyan 14.8.

Mu dawo gida, mu jera ƙungiyoyin ƙasa guda biyu. Ta maza, D'Tigers, sau ɗaya tak ta ɗauki kofin Afirka, a Tunisiya a 2015 ƙarƙashin Will Voigt. Ta mata, D'Tigress, ta ɗauka sau 7: a 2003 da 2005, sannan sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025. A wasannin Olamfik na Faris a 2024 matan sun doke Ostireliya da Kanada, suka zama ƙungiyar ƙwallon kwando ta farko daga Afirka, ta maza ko ta mata, da ta kai zagayen 'yan takwas.

To yaya aka riƙe waɗanda suka kawo wannan alheri? Sam Vincent ya ci kofin 2017, aka sallame shi a 2018 ana saura makonni a tafi gasar duniya. Otis Hughley ya karɓa, ya ci na 2019 da na 2021. A ƙarshen 2021 'yan wasan da kansu suka fito a bidiyo suna kukan ba a biya su alawus ba. A 2022 gwamnati ta janye Najeriya daga wasannin ƙasa da ƙasa saboda rikicin shugabancin hukumar wasan, matan suka rasa gurbin gasar duniya da suka samu da guminsu, aka ba Mali. Shi kuwa Hughley, a shekarar Jami'ar Alabama A&M ta ɗauke shi. Rena Wakama, wadda ta fito daga aikin mataimakiyar koci a jami'o'in Amurka, ta karɓa a 2023, ta zama mace ta farko da ta ci kofin Afirka na mata a matsayin babbar kociya, ta maimaita a Abijan a 2025. Da Shugaba Tinubu ya tashi yin tukuici, kowace 'yar wasa dala 100,000 aka yi mata alkawari, masu horarwa kuwa dala 50,000 kowanne. An kyauta da aka tuna da su. Amma rabon ya nuna yadda muke kallon wanda ke tsaye a gefen fili.

Mun san wani zai ce: ai ga shi kun karya hujjarku da bakinku, koci uku aka canza amma kofi biyar a jere. Tambaya ce mai kyau. Amsarta tana cikin inda aka raini 'yan wasan. Mafi yawansu a makarantu da jami'o'in Amurka da kulob-kulob na Turai suka samu horo. Amy Okonkwo, gwarzuwar gasar 2023 da 2025, a Jami'ar TCU ta Texas ta yi wasa. Kocin ƙasa makonni kaɗan yake samu da su kafin gasa, girbi yake zuwa yi. Noman an yi shi a gonakin wasu, a hannun masu horarwar da aka bari suka zauna. Tambayar da ta dace da mu ita ce: ina tamu gonar? Tun 1966 ake gasar jami'o'i ta NUGA, amma jami'o'i nawa ne a Arewa za su nuna maka kocin mata mai cikakken albashi da ya shekara goma a kan aikinsa?

A nan bambancin maza da mata ya fi ciwo a wajenmu. Yaro namiji in malamin wasanni ya tafi, zai sami abokai su ci gaba da jefa ƙwallo bayan la'asar, ko ya hau mota ya tafi Kano. Yarinya ba ta da wannan zaɓin. Mahaifinta bai bar ta ta fita fili don ya yarda da wasan ba, ya bar ta ne don ya yarda da malamar ko malamin. Ya san gidansu, ya ga ana tashi kafin magariba, ya ga shigar da ake yi ta mutunci ce. Wannan amana shekaru ake yi ana gina ta gida-gida. Takardar canjin wurin aiki guda ɗaya takan share ta cikin yini ɗaya, kuma sabon malami daga farko zai fara, in ma yana da sha'awar farawa.

Kada kuma a ce sutura ce ta hana. A 2014 matan Ƙatar sun janye daga wasannin Asiya saboda an hana su wasa da ɗankwali. Bilqis Abdul-Qaadir, Musulma 'yar Amurka da ta yi wasa a Jami'o'in Memphis da Indiana State, tana cikin waɗanda suka dage har hukumar FIBA ta ɗage haramcin a 2017. Yau yarinya za ta iya rufe kanta da jikinta ta shiga gasannin FIBA na ƙasa da ƙasa. A Kano ɗin nan an yi ƙungiyar AHIP Queens da ta buga gasar mata ta ƙasa. Ƙofa a buɗe take, mai jan hannun yaran ne ba ya daɗewa.

Ba mu ce duk wanda ya daɗe gwani ne ba. Akwai wanda zamansa ya zama na cin albashi kawai, akwai kuma wanda bai cancanci a ba shi amanar 'ya'yan mutane ko na yini ɗaya ba, kuma irin wannan gaggauta cire shi wajibi ne. Haka nan koci yana da iyali, in ya ga gaba ba za mu ɗaure shi da igiya ba. Dalar Amurka ma ba mu da ita. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, yawancin waɗanda muke rasawa ba wani ne ya saye su ba. Sakaci ne ya kore su. Ƙwallo ta fashe malami ya saya da kuɗin aljihunsa, ya kai yara gasa ya biya kuɗin mota, ranar da aka ci kofi aka ɗauki hoto da manya shi yana can baya.

Abin da muke nema bai fi ƙarfin kowa ba. Hukumomin ilimi su riƙa duba abin da malamin wasanni ya gina kafin su ɗauke shi, in kuma ya zama dole, a bar shi ya yi zango ɗaya tare da magajinsa. Jami'o'i da kwalejojin ilimi su ɗauki koci a matsayin ma'aikaci mai matakin ƙarin girma, su daina nemo shi haya sai gasa ta matso, ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin shiga fili da kuɗin kayan wasa a raba su daidai tsakanin maza da mata, a rubuce. Tsofaffin 'yan wasa mata a tura su kwas su dawo su koyar, domin mace ta fi saurin samun yardar iyaye. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da ke tara kuɗin fentin ƙofar makaranta kuma su ware wani abu don malamin da ke tsayawa da yara bayan an tashi.

Mu marubuta ma muna da namu laifin. In an ci kofi, sunan wanda ya jefa ƙwallon ƙarshe muke rubutawa. Mai neman abin rubutu a makon nan ya je tsohuwar makarantarsu, ya tambayi wa ya kafa waɗancan ƙarafa biyu, shekara nawa ya yi, yara nawa suka bi ta hannunsa, ina yake yanzu. In yana raye a zauna da shi a ji daga bakinsa, da izininsa. Labarin OBJ ya kai ga duniya ne saboda ɗalibinsa ya yi suna ya kuma ambace shi. Namu malaman na Kiru da Doguwa ba su da wanda zai ambace su sai mu.

Wanda ke da ja a kan abin da muka faɗa, muna saurare. Allah Ya sa mu dace, Ya kai mu mako mai zuwa lafiya.